Rakiyar Malam Ya'u

Duk wanda ya taɓa zama a Hayin Banki ya san mahaifinmu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai farar hula da za ka gani yana tafe a gefen wani, hannuwa a baya, yana gyaɗa kai. In ka tambaye shi ina zuwa, sai ya ce, "Babu inda za ni, rakiya na fito." Sunansa Malam Ya'u, amma Mai Rakiya ake ce masa a unguwa, kuma ko a jikinsa. Mu 'ya'yansa ne sunan yake ƙona wa rai.

Shekara talatin da biyar ya yi a wata ma'aikatar jiha yana abu ɗaya: kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. An sha yi masa ƙarin girma, har ya kai matsayin da shi ma za a riƙa kai masa, amma bai taɓa sakin aikin ba. Cewa yake fayil ɗin da aka bari ya tafi shi kaɗai ba ya isa. Sai ya rungume shi a ƙirji, ya hau bene da shi, ya tsaya a kan mai karɓa har sai ya sa hannu. Sannan ya dawo kujerarsa, ya sauke numfashi, ya ce, "Ya isa." Da ya yi ritaya fayiloli suka ƙare, sai ya koma kan mutane gaba ɗaya.

Rakiya dai kowa na yi. Baƙo ya tashi, ka taka masa zuwa ƙofar gida, ya ce ka koma haka nan, ka ce ya gaida gida, a rabu lafiya. Ta Baba ba haka take ba. Shi akwai ma'auni a kansa, kowa da iyakarsa. Mai karanta mita, sai bakin tiransifoma. Maƙwabci, sai ƙofar gidansa, ko da gidan yana kallon namu. Ɗan'uwa kuwa sai tashar Kawo, kuma ba zai juyo ba sai ya ga motar ta tashi. Akwai ranar da ƙanen Umma ya zo daga Rigachikun, Baba ya fita raka shi da silifas ɗin banɗaki, asuwaki a baki. Hira ta yi daɗi, ya shiga motar don ya ƙarasa zancen. Sai bayan la'asar ya dawo mana da ƙullin rogo a ka, ga kawun namu a bayansa, wai ya rako shi. Kwana biyu ya ƙara a gidanmu.

Babban abokin wannan ciwo shi ne Baba Kefas, mutumin Kafanchan, wanda suka yi aiki tare, yana zaune can wajen Mando. Ziyararsu ba ta wuce shan ruwa da tambayar iyali, rakiyar ce ke cinye yini. Matarsa, Mama Esther, takan bugo wa Umma waya ta ce, "Maman 'yan biyu, suna wajenki ne ko suna hanya?" Umma ta ce, "Suna hanya." Ita kuma ta ce, "To bari in mayar da tuwon cikin kula."

Mutum ɗaya ne a duniya ya bar gidanmu Baba bai taka masa ko taku ɗaya ba, kuma 'yarsa ce ta cikinsa.

Mu biyu Allah ya ba shi, tagwaye: ni Hassana, da Husaina. Ni na zama malamar makaranta, na zauna inda aka ajiye ni. Husaina kuwa tun tana ƙarama ba ta zama wuri ɗaya. Ta gama jami'a, ta nemi gurbin ƙaro karatu, aka ba ta a Lisbon ta ƙasar Portugal, wai za ta karanci rayuwar kifin teku. Baba ya ce, "Teku kuma? Ga kogin Kaduna nan, kifin da ke ciki kin gama karance shi ne?" Bai hana ta ba. Da hannunsa ya sa hannu a takardun, da hannunsa ya kai su inda ake kaiwa. Amma tun daga ranar ya ɗaure fuska, ya daina cin abinci da mu a tsakar gida.

Ranar tafiya motar da za ta kai ta Abuja ta tsaya a ƙofar gida da safe. Duk layinmu ya fito, har Baba Kefas ya taso daga Mando. Husaina ta shiga ɗakin Baba, ta durƙusa, ta ce, "Baba, zan tafi." Yana zaune a kan tabarma da rediyo a kunne. Bai ɗago ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ta jira. Ni ma ina bakin ƙofa ina jira. Rediyo ya gama labarai ya shiga sanarwar ɗaurin aure, Baba bai motsa ba. Haka ta tashi ta fita, Baba Kefas ne ya riƙe mata jaka zuwa mota.

Shekara biyar ta yi a can, ba ta zo gida ko sau ɗaya ba. Tana kiran Umma kullum, ni kuma har na gaji da ita. In Baba ya gifta ta bayan waya sai ya ce, "Lafiya dai? To madalla," ya wuce. Na taɓa yi mata faɗa a kan rashin zuwanta, ta ce min, "Hassana, mutumin da ya raka mai gyaran famfo har gadar Kawo, ni ko zaure bai kai ni ba. In zo in ce masa me?" Abin ya tsaya min a rai, don na san in aka ci gaba a haka wata rana labarin rasuwarsa kawai za ta ji a waya.

Bara ta gama digiri na uku, ta sami aiki a can, ta aiko mana da takardar gayyata zuwa bikin kammalawa. Mun ɗauka Baba zai ce ba shi zuwa. Sai ga shi ya riga kowa yin fasfo. Ana saura kwana biyu tafiya ya dawo daga kasuwar Kawo yana jan wani shirgegen akwati mai taya, wanda mutum zai iya kwana a ciki.

Umma ta ce, "Malam, me za mu zuba a wannan?"

Ya ce, "Babu komai. Na kayanta ne. Karatu ya ƙare, sai gida."

Umma ta ce, "Yarinyar nan fa ba buhun masara ba ce da za ka je ka ɗauko."

Ya yi kamar bai ji ba. Haka muka keta ƙasashe da akwatin da babu komai a cikinsa, ma'aikatan filin jirgi suna buɗewa suna leƙawa suna kallonmu.

An ce a kan tuddai bakwai aka gina Lisbon. Ni dai ƙafata ta ƙirga fiye da haka. Mu mutanen Kaduna ne, ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, abin da Baba ya taɓa hawa mafi tsawo shi ne benen ofishinsu. Taksin da Husaina ta ɗauko mu a ciki ya yi ta kurɗawa lunguna har ya tsaya a gindin wata matattakala ta dutse, direba ya nuna sama da yatsa. Nan mota ta ƙare. Gidan da take haya yana can ƙoli, matakala ɗari da arba'in da biyu. Baba ne ya ƙirga, ba ni ba, ni numfashi nake nema.

Ya tsaya a tsakiya ya dubi garin, gidaje a kan gidaje, rufin wannan a ƙofar wancan, ya ce, "Garin nan ba a gama shi ba. An tara ƙasa za a baje, sai kwangila ta tsaya." Yana faɗin haka akwatin ya kuɓuce masa, ya gangara yana tsalle yana ƙara kamar ganga, har ƙasa. Husaina ta sauka ta ɗauko. Da ta ji babu nauyi sai ta dube ni. Na kawar da kai. Ta gane.

Washegari ta ce za ta nuna mana gari, kuma a ƙafa ake ganinsa. Baba ya saɓa babbar riga, ya ɗauki butarsa ta roba da ya taho da ita tun daga Hayin Banki. Umma ta rataya jaka mai ɗauke da fulas ɗin shayi, dabino, yaji, da dardumai biyu. Muka fita kamar masu ƙaura.

Titunan ƙananan duwatsu ne aka jera, sun sha taku har sun yi santsi. In ka hau, gwiwa ta yi kuka, in ka gangara, yatsun ƙafa su yi. Babu inda za ka tsaya ƙafafunka biyu su daidaita. Umma ba tudun ne ya dame ta ba, shanya ce. Mutanen nan a taga suke shanya wanki, a saman titi, har da ƙananan kaya. Tana tafe tana salati. "Hassana, kar ki ɗaga kai. Malam, kai ma kar ka ɗaga." Baba kuwa gaisuwa ya sa a gaba. Duk tsohon da ya gani a bakin ƙofa sai ya tsaya ya tambaye shi gajiya da iyali, tsohon ya amsa da yarensa, su rabu kowa ya gamsu. Wani ɗan jirgin ƙasa rawaya mai bin tsakiyar lungu ya taho yana ƙararrawa, muka manne da bango, Baba ya tattare rigarsa a ƙirji yana ce wa direban, "Sannu da aiki."

Azahar ta same mu a wani fili can sama, inda ake tsayawa a hango kogi da rufin gari gaba ɗaya. Husaina ta duba alƙibla a waya, ta nuna mana wata kusurwa a ƙarƙashin bishiya. Baba ya yi alwala, ya ajiye buta. Ya tayar da salla ke nan butar ta kwanta, ta fara mirginawa. Muna raka'a ta farko muna jin ƙararta tana bin lungu, tana nisa, tana nisa, har muka daina ji. Da ya sallame ya daɗe yana kallon hanyar da ta bi. Umma ta ce, "Kar ka ce za ka raka ta."

Na yi dariya har da hawaye, Husaina ma ta yi. Amma duk yinin nan ita da Baba ba su jera ba. In tana gaba yana baya, in ta rage tafiya sai ya tsaya gyaran hula. Maganarsu ma ta kaina take bi. "Hassana, tambayi 'yar'uwarki wancan ginin na mene ne." "Hassana, ki ce wa Baba ya bi a hankali, akwai santsi." Ga su taku uku tsakani, ni ce a tsakiya ina kai saƙo. Mutumin da bai iya ganin baƙo yana tafiya shi kaɗai, ga 'yarsa tana tafe ita kaɗai a gabansa yini guda.

Ranar Juma'a aka yi bikin, aka kira sunanta, Umma ta yi guɗa a cikin zauren Turawa, Baba ya share ido da bakin riga ya ce fanka ce. Ranar Asabar kuma abin da ya faru ya faru.

Mai gidan da Husaina ke haya wani tsoho ne, Sinyor Faustino, ɗan gajere mai hular kwano da sanda, shi kaɗai yake zaune a gidansa da ke gindin matattakalar nan. Shi ke gyara mata famfo, shi ke kawo mata lemon tsami daga bishiyarsa. Da la'asar ya hawo don ya gaida iyayenta, da kwalin wata waina ta ƙwai da madara. Baba ya tarbe shi, ya raɗa masa suna Malam Fastu nan take. Suka zauna suna gyaɗa wa juna kai, babu mai jin wani. Husaina tana fassara, tana tsokanar tsohon da yarensu, yana dariya, da zai tashi ta miƙa masa sandarsa. Na saci kallon Baba. Ya ga komai, kuma na ga abin ya sosa masa rai.

Baƙo ya tashi, sai rakiya. Baba ya zura takalmi ya bi shi. Muka leƙa ta taga muna kallonsu suna sauka, tsoho da sanda, tsoho da babbar riga. A ƙofar gidan Malam Fastu Baba ya ba shi hannu, muka hango bakinsa yana cewa a gaida gida, ya juyo.

To a nan aka sami matsala. Su a can ba su san rakiya irin tamu ba. Abin da Malam Fastu ya gani shi ne, ga dattijo baƙo, kwanansa huɗu a gari, ya biyo shi har ƙasa babu dalili, yanzu kuma yana tsaye yana waige-waige. Lallai ya rikice ne, bai san hanyar komawa ba. Sai ya kama gwiwar hannun Baba, ya hawo da shi matakala ɗari da arba'in da biyu, ya danƙa mana shi a ƙofa yana haki.

Baba ya ce, "Ikon Allah, mutumin kirki ne. Ya dawo. Hassana, kawo masa ruwa."

Ya sha ruwa, ya juya zai tafi, Baba ya zura takalmi.

Husaina ta ce, "Hassana, ki gaya wa Baba, tsohon nan ya ɗauka Baba ɓata ya yi, shi ya sa ya dawo da shi."

Baba ya ce, "Ki gaya wa 'yar'uwarki, ko ma mene ne ya kawo shi, ya taka ƙofar nan. Ba a barin baƙo ya tafi shi kaɗai."

Ta juya ta yi wa tsohon bayani da yarensa. Ya saurara, ya dafa ƙirji, ya ce shi kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa barin tsoho baƙo a kan titi ba, kuma ba yau zai fara ba.

Suka sauka. Suka hawo. A zuwa na uku tagogin lungun duk sun buɗe, matan unguwa sun jingina a kan shanyarsu suna kallo. A na huɗu suka fara ƙirgawa da ƙarfi, wani mai gasa kifi a kwana ya bar kifinsa yana ƙonewa ya zo yana tafi. Wata tsohuwa ta fito da kujeru biyu ta ajiye a tsakiyar matattakalar, inda take da ɗan faɗi. Su biyun suka wuce kujerun ba su ko kalle su ba. Hular Baba ta karkace, rigar ta jiƙe sharkaf, Malam Fastu ya koma ja kamar tumatir, yanzu ma ba a san wa ke riƙe da wa ba. Umma ta ce, "Wannan Kefas ɗin Turawa ne. Sai ɗaya ya faɗi."

A na biyar kujerun suka yi nasara. Muka sauko muka same su a zube, kowa na numfashi da baki. Baba ya laluba aljihu ya ciro goro, ya ɓara, ya miƙa wa abokinsa rabi. Tsohon ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, amma ya haɗiye don kara. Umma ce ta yanke hukunci: daga nan tsakiya kowa ya nufi gidansa, kuma kar wanda ya waiwayo. Masu taga suka yi tafi.

Ina cikin dariya na ji muryar Husaina, kuma ba da ni take ba. Karo na farko a shekara biyar ta dube shi ido cikin ido.

"Sau biyar, Baba. Mutumin da ka sani yau da la'asar. Ni taku nawa ka yi min?"

Mutanen taga ba su ji Hausa ba, amma sun ji muryar. Tafin ya tsaya. Baba ya sunkuyar da kai yana juya ragowar goron a hannu. Ta jira, kamar yadda ta jira a ɗakinsa. Ta haye sama ita kaɗai.

Ranar Lahadi gwiwoyinsa suka kumbura kamar ƙullin fura. Likitan da Husaina ta kira ya ce kar ya taka matakala har kwana uku, ranar tafiya ma sai dai a nemi masu ɗaukarsa. Jirginmu kuwa Litinin da yamma. Ya yini a kujera, ƙafafu a cikin roba da ruwan ɗumi. Da hantsi Husaina ta fita da Umma sayen tsaraba, aka bar ni da shi. Ina ƙara masa ruwan zafi ya yi magana, idonsa a kan robar.

"Ranar nan da za ta bar gida, tun asuba na sa takalmina. Suna ƙafata a ƙarƙashin riga."

Na ajiye ruwan zafin, ya ci gaba.

"Duk wanda na raka, na san inda zan tsaya. Wannan tiransifoma, wancan tasha. Ita na rasa inda zan tsaya. Na ga in na fita da ita ƙofar nan, ba zan iya juyowa ba. Sai na zauna."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, kuma haushin ya fi yawa. Na ce, "Baba, shekara biyar ina kai saƙo tsakaninku, na gaji. Wannan ba zan kai ba. Kai ne ka ce abin da aka aika shi kaɗai ba ya isa." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, ya mayar da kai.

Litinin da safe Husaina ta shirya za ta wurin aiki. Sabuwar ma'aikaciya ce, hutun da aka ba ta ya ƙare, ba za ta sami kai mu filin jirgi ba. Ta rungume Umma suka sha kuka. Sannan ta zo gaban Baba da jakarta a kafaɗa, ta durƙusa.

"Baba, zan tafi."

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ta tashi. Wannan karon ba ta jira ba. Ta kai ƙofa ke nan muka ji ruwa ya fantsama. Baba ya fito da ƙafafunsa daga roba, yana dafe da bango.

"Hassana, takalmina."

Umma ta ce, "Malam, likita fa ya ce..."

"Likita ya san gwiwa, bai san rakiya ba."

Da baya ya sauka matattakalar nan, kamar mai saukowa daga tsani, hannu biyu a kan ƙarfen gefe, kowane taku sai ya ce wash. Husaina tana gefensa, ta rasa abin yi, sai duba agogo take tana share ido. Ni ina biye da hularsa da ta faɗi. A ƙasa muka tarar da Malam Fastu yana shan hantsi a ƙofar gida. Yana ganin Baba, sai ya miƙa hannu zai ɗauki sandarsa. Na galla masa wata harara, na nuna masa kujerarsa da yatsa. Wannan yaren ya ji shi sarai, ya koma ya zauna.

A bakin titi Husaina ta ce, "Baba, ka koma haka nan." Ita ce maganar da kowane baƙo ke faɗi.

Ya ce, "Mu je dai."

Muka gangara lungu biyu, muka ƙetare wani fili mai tattabaru, su biyu a jere, hannuwansa a baya, yana ɗingishi yana gyaɗa kai. Ba na jin duk abin da suke cewa, don na ja baya da gangan. Na dai ji yana tambayarta ko kifin teku yana barci, tana ba shi amsa. A tashar jirgin ƙasa ta sake cewa ya koma. Ya ce Rigachikun ma ya je da silifas. Muka shiga jirgi, ya bi da mu gefen ruwa, ruwan yana ƙara faɗi har ɗaya gaɓar ta ɓace. Baba ya manna fuska a gilashi.

Ya ce, "Wannan ce tekun?"

Ta ce, "Ita ce, Baba."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To. Ta fi kogin Kaduna."

Wurin aikinta wani farin gini ne a bakin ruwa, mai ƙofar gilashi. Nan ya tsaya, ya gyara tsayuwa, ya karɓi hularsa a hannuna ya sa.

"A nan zan tsaya."

Ta ce, "Baba, akwatin da ka zo da shi fa?"

"Ummanku ta cika shi da kifin gwangwani. Rabi na Mama Esther ne." Ya gyara zaman hularsa. "In kin sami hutu, ki zo da ƙaramar jaka. Zan kai ki har jirgi in za ki dawo."

Ta fashe da kuka a ƙofar ofishin mutane, ta kama hannunsa ta ce bari ta mayar da shi tasha, ba za ta bar shi ya koma a haka ba.

Ya ce, "A'a. Kin ga abin da wannan ya jawo shekaranjiya. Shiga."

Ta shiga. Muna hango ta cikin gilashi, ta je gaban teburin mai gadi, ya turo mata wani littafi, ta sunkuya ta sa hannu. Baba bai ƙifta ido ba sai da ta ajiye biron. Ta ɗago mana hannu, ta bi wani dogon baranda, ta ɓace.

Sai a lokacin gwiwoyin suka ƙi. Ya zauna a kan wani dakali, ni kuma na tsaya ina tunanin yadda zan mayar da shi saman tudun nan kafin jirginmu ya tashi. Ya ciro hankici ya goge fuska, ya sauke wani dogon numfashi.

Ya ce, "Ta isa."